Yadda Ake Gini a Bakin Kududdufi Domin Ƙasa Ta Farfaɗo

Yawancin kududdufan da ke cikin birnin Zariya ramuka ne da magabata suka haƙa domin ɗibar ƙasar gini, kuma tun daga lokacin su ne ke karɓar ruwan unguwa idan damina ta kankama. Wanda ya mallaki fili kusa da irin wannan rami, ko a gefen kwazazzabon da ruwa ya ci a hanyarsa ta zuwa kogin Kubanni, yana iya tsara gininsa yadda ƙasar za ta farfaɗo.

Kafin a ja igiya a fitar da harsashi, mai gida ya je filin a watan Agusta ana cikin ruwa, ya ga ta inda yake shigowa da inda yake kwanciya, sannan ya sa mai zane ya bar masa hanyarsa. Idan an fara haƙa, a tara baƙar ƙasar sama gefe guda, kada leburori su gauraya ta da ja, domin ita za a mayar wurin shuka.

Rufi shi ne babban lamari. Zariya tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, wato rufin kwano mai faɗin murabba'in mita 100 yana zubo da kusan lita 100,000, kuma idan indararo ya saki wannan ruwa a lungu, shi ne ke cin gindin katanga yana kwashe ƙasa. A haɗa indararon da tanki, rarar kuma ta gangara cikin ramin tsakuwa da aka haƙa nesa da harsashi da masai. Kada a daɓe tsakar gida duka da siminti, ko da uwargida za ta yi ƙorafin taɓo. Hanyar tafiya kaɗai ta isa, sauran a zuba yashi.

Cike kududdufi da shara kuwa kuskure ne, domin ɗakin da aka ɗora a kan bola nitsewa yake yi har bango ya tsage, ruwan kuma ya koma gidan maƙwabci. A sassabe bakin ramin ya zama gangare, a dasa jema layi-layi, saboda saiwarta tana nitsawa ƙasa sosai ta riƙe gaɓar, kuma a hana ruwan kwata shiga cikinsa. A bayan jemar a dasa ɗorawa, wadda daga kwasfarta ake samun makubar shafen katanga, amma rimi a kai shi can nesa da gini, domin saiwarsa tana ɗaga harsashi.