Yadda Ake Ziyartar Gandun Tafkunan Plitvice a Kuroshiya

Gandun dajin Plitvice yana ƙasar Kuroshiya, kimanin kilomita 130 kudu da Zagreb, babban birnin ƙasar. Tafkuna 16 ne a jere kan gangare, kowanne yana kwararar da ruwansa cikin na ƙasa da shi, har ruwan ya faɗa kogin Korana. A 1949 aka mai da wurin gandun ƙasa, a 1979 kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren gado na duniya. Baƙi da yawa sukan shigo su ɗauki hoto su fita cikin awa biyu. A ganina wannan asara ce, don wurin na mai tafiya a hankali ne.

Fara da takardu. Tun ranar 1 ga Janairun 2023 Kuroshiya ta shiga yankin Schengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, kuɗinta kuma ya koma yuro. In kana buƙatar biza, ta Schengen za ka nema, kuma ka nema da wuri.

Sai ka zaɓi wata. Yuli da Agusta cunkoso ne, har sai ka ga mutane sun yi layi a kan gadar katako suna jiran na gaba ya matsa. Watan Mayu ya fi, lokacin ruwa ya cika yana zubowa da ƙarfi. Oktoba ma yana da nasa kyau, ganyaye sun koma ja da ruwan ɗorawa. Da hunturu akan rufe wasu hanyoyin saboda ƙanƙara.

Daga nan ka sayi tikiti a shafin intanet na gandun kafin ka taso. Ana sayar da shi ne da rana da awar shiga, kuma farashin yana bin lokaci: a watannin cunkoso yakan kai yuro 40. Kuɗin jirgin ruwa da na motar da ke zagayawa da baƙi duk suna ciki. Zaɓi awar farko ta safe. Domin haka gara ka kwana a ɗaya daga cikin ƙauyukan kusa, maimakon ka taso daga Zagreb ko birnin Zadar da safe, tafiyar da ke cin kimanin awa biyu a bas.

Ƙofofin shiga biyu ne manya, hanyoyin kuma an sa musu haruffa. Wanda bai taɓa zuwa ba, shawarata ya shiga ta ƙofa ta ɗaya ya bi hanyar C, mai kimanin kilomita 8, wadda ke ɗaukar awa huɗu zuwa biyar. Dalili kuwa, hawa za ka riƙa yi, saboda haka ruwan yana zubowa ta gabanka, ba sai ka yi ta waiwaye ba. Za ka fara gangarawa cikin kwazazzabo zuwa Veliki Slap, inda ruwa ke faɗowa daga tsayin mita 78. Tun kafin ka isa feshinsa zai jiƙa maka fuska, ƙararsa kuma ta sa sai ka ɗaga murya na kusa da kai zai ji ka. Bayan tafkunan ƙasa guda huɗu, jirgi mai aiki da lantarki zai tsallake da kai tafkin Kozjak, mafi girma a cikin tafkunan gandun duka. Sannan ka shiga sauran tafkunan sama, waɗanda har da Kozjak guda 12 ne, inda ruwa ke ɓullowa ta ko'ina, ta tsakanin saiwoyi, ta ƙarƙashin katakon da kake takawa. Mai ƙarfin ƙafa yana iya bin hanyar K, kilomita 18, amma yini guda ce.

A nan ne ya kamata ka rage sauri. Tsaya ka dubi bakin kowane tafki da kyau. Shingen da ke tare ruwan ba gini ba ne. Ruwan yana ɗauke da sinadarin farar ƙasa daga duwatsun yankin, yana ajiye shi kan gansakuka da rassan da suka faɗa ciki, a hankali abin ya daskare ya zama dutse mai rauni. Har yau yana girma, kaɗan-kaɗan a shekara. Leƙa cikin ruwan za ka hango kututturen bishiya kwance a ƙasa ya yi fari fat, kifaye suna shawagi a kansa. Wannan ne ya sa aka hana iyo, aka kuma hana sauka daga kan hanya. Taku ɗaya don neman hoto yana iya farfasa abin da ya yi shekaru yana haɗuwa. Don Allah ka kiyaye wannan ko da ba mai kallon ka.

Kayan tafiya ba su da yawa. Takalmi mai kama ƙasa shi ne kan gaba, domin katakon a jiƙe yake, kuma wurare da yawa ba abin dafawa. Mai yara ya riƙe hannunsu. Ɗauki rigar ruwa, gorar ruwan sha da ɗan abin taɓawa, sharar ka kuma ka fita da ita.

Idan ka kai ƙarshen tafkunan sama, hau motar gandun ta mayar da kai kusa da ƙofar da ka shigo. In da bas za ka koma, ka tabbatar da lokacin tashin ta ƙarshe tun da safe, kuma ka isa bakin titi kafin lokacin.