Idan Yashi Ko Gashi Ya Faɗa Ido

Lokacin habub, wato guguwar ƙura da yashi, a Khartum, ba wuya yashi ya faɗa wa mutum ido. Don Allah kada ka murza, murzawa ce ke karce baƙin ido.

Fara wanke hannu da sabulu, sai ka yi ta ƙiftawa, hawaye kan fito da shi. Bai fita ba? Karkata kai, ka zuba ruwan gora daga gefen hanci ya gangara waje, ba ruwan randa ba.

In ya maƙale sama, jawo fatar ido ta sama ka ɗora kan ta ƙasa, gashin ido na ƙasa ya share shi.

Ƙarfe ko abin da ya soke ido kuwa, kada a ciro. Kifa kofin takarda a kai, sai asibiti.