Yadda ake aiki da injin jointa da filena ba tare da ka bar yatsa a ciki ba

A iya lura ta yaron shago ba ya yankewa a injin fere katako a satin farko. Satin farko tsoro na tare da shi, ƙarar injin kaɗai ta isa ta sa ya nutsu. Sai hannu ya faɗa, oga ya fara barinshi shi kaɗai, ga mai kaya tsaye a kanshi yana cewa yi sauri mai kura na jira, toh a nan ake samun matsala. Don haka bayanin nan na waɗanda suka riga suka fara ne, ba zan tsaya nuna maka inda makunni yake ko yadda ake karanta tef ba.

Jointa shi ne mai dogayen tebur biyu, wuƙa na juyawa a tsakaninsu a fili, kai ke tura katako da hannunka ta samanta, aikinshi miƙar da fuska ɗaya da gefe ɗaya. Filena kuma shi ke jan katakon da kanshi ta ciki ya fito maka da kaurin da ka saita. A 'yan katako irin na Na'ibawa a Kano zaka ga da yawa inji ɗaya ne ke yin duka biyun, sama jointa ƙasa filena, wasu ƙanana 'yan Chana har da zarto a gefe a kan sanda ɗaya. In irin wannan ne naka, ka sani duk sanda kake fere zarton nan ma yana juyawa kusa da cinyarka, ka rufe shi ko ka cire shi.

Kafin ka kunna

Fara da jikinka. Doguwar riga mai faɗin hannu ba ta aikin inji, ka naɗe hannun riga har gwiwar hannu ko ka sa ƙaramar riga. Zobe, agogo, carbi a wuya ko a hannu, duk aljihu. Safar hannu kuma haramun ce a wajen jointa a wajena, mutane na ganin kariya ce alhali in wuƙa ta kama bakin safar da hannun gaba ɗaya take tafiya. Gilashin ido dole. Abun toshe kunne ma ka saya, ba shi da tsada, ƙarar filena tana kaiwa desibel 100 ko fiye alhali daga 85 ake fara lissafin lalacewar ji in an daɗe a ciki, shi ya sa tsofaffin masu inji sai ka ɗaga murya suke jinka.

Sai katakon. Duba shi fuska huɗu. Katakon da aka ciro daga dekin, mai siminti da guntayen ƙusa a ciki, kar ya hau injinka ko nawa za a biya, ƙusa ɗaya ta ishe ta ɓare bakin wuƙa ta bar maka layi a duk katakon da zai biyo baya, kuɗin wasa wuƙa ya fi kuɗin feren da ka karɓa, banda guntun ƙarfen da zai iya tashi. Mai tsagewa a baki ka yanke wajen tukuna. Ƙulli mai motsi, wajen da reshe ya fito, ka fitar da shi ko ka kauce mishi. Yashi da ƙasa ka goge da buroshi. Filawud da MDF ba a sa su a jointa, gam ɗin ciki yana cinye wuƙa kuma ba abun da zaka samu.

Yanzu cire wuta daga soket, ba kashe makunni kawai ba, ka duba wuƙaƙen. Ko wane noti da ke riƙe da wuƙa ka bi shi da sifana. Ɗora miƙaƙƙen katako a kan teburin baya, wato wanda katako ke hawa bayan ya wuce wuƙa, ya leƙo kan wuƙa, juya sandar da wuƙaƙen ke jiki a hankali ta wajen bel, ko wace wuƙa ta ɗan taɓa katakon ta ja shi kamar milimita 3, duka iri ɗaya, gefen dama da na hagu. Teburin baya daidai yake da tsinin wuƙa, ba a wasa da shi. Teburin gaba shi ake saukewa don saita yawan ci, kuma ni ban yarda a wuce milimita 1 zuwa 1.5 a tafiya ɗaya ba, littattafan inji da yawa sun ba da iyaka milimita 3 amma wannan sai katako mai laushi irin obeche. A madobiya ko ƙirya ka gwada 3 ka ga yadda zai yi tsalle a hannunka.

Murfin kan wuƙa, wanda ke komawa da kanshi ya rufe in katako ya wuce. Na san a shaguna da yawa yana rataye a bango ko ya ɓata tun ranar da aka kawo injin. A mayar da shi. In ya ɓata kafinta ne kai, ka yanka na katako mai kauri ka sa mishi sifirin, aikin awa ɗaya ne.

Turawa, inda yatsu ke tafiya

Nan zan daɗe, don nan ne komai yake.

Sandar wuƙar jointa tana juyi wajen 5000 a minti ɗaya, wasu ƙasa kaɗan wasu sama. In wuƙa uku ce, sara 15,000 kenan a minti, 250 a daƙiƙa ɗaya. Kafin ƙwaƙwalwarka ta gane an taɓa ka har ta ce janye, kwatan daƙiƙa ya wuce, wuƙa ta sare ka sau 60. Zarto yana yanke yatsa ya faɗi ƙasa, wani lokacin a ɗauka a kai asibitin ƙashi na Dala likitoci su gwada ɗinkewa. Jointa ba ya barin abun ɗauka, markaɗe yake yi kamar injin tattasai.

Tsaya a gefen teburin gaba, ƙafa a ware, kar ka tsaya a bayan katakon saitin cikinka, kuma kar wani ya tsaya a wajen. In katakon ya lanƙwashe, cikin lanƙwasar shi ke kallon ƙasa, ya zauna da baki biyu ba ya rawa. Kunna, jira injin ya gama ɗaukar gudu, sannan ka fara turawa a hankali. Da zarar kamar ƙafa ɗaya na katakon ya hau teburin baya, ɗaga hannun hagu ka tsallakar da shi ka danna a can, daga nan nauyinka a teburin baya yake, hannun dama turawa kawai yake. Ka lura da kalmar ɗagawa, ba a jan hannu a kan katako ya bi ta saman wuƙa. Mutum na cewa ai akwai katako tsakanina da ita. Eh akwai, har zuwa lokacin da wuƙa zata ci karo da ƙulli ta harba katakon baya, katakon ya bar wajen, hannunka da kake dannawa da ƙarfi ina zai sauka?

Sai ƙarshen katako, wanda shi ne ya fi cin mutane. Katako ya kusa ƙarewa, turawa ta yi nauyi, sai yaro ya saƙala babban yatsa ko ɗan ƙaramin yatsa a bayan katakon don ya samu abun turawa. Yatsan nan yana leƙowa ƙasa da kaurin katakon shi bai sani ba, idonshi na gaba yana kallon abun da ke fitowa. Katako na wucewa yatsa na biye. Wallahi ko oganka ka ga yana yi kar ka koya, ka duba hannunshi da kyau tukuna.

Maganin abun bai kai kuɗin kwanon abinci ba. Samu guntun katako mai faɗin inci 4, tsawo kamar ƙafa ɗaya, ka yi mishi mariƙi a sama, a ƙarshen ƙasanshi ka manna ɗan siririn katako ya zama dunduniya da zata kama bayan abun da kake ferewa. Dunduniyar da gam kaɗai zaka manna ta, ba ƙusa ba sukuru, saboda wata rana wuƙa zata taɓa ta, kuma kar kaurinta ya kai na katakon da kake turawa. Yi na biyu mara dunduniya, ka manna mishi robar tsohon silifas a ƙasa don ya kama, wannan na hannun hagu ne. Ka rataye su a jikin injin da igiya, in suna cikin akwati ba mai ɗaukowa. Duk feren fuska da su za a yi, babba ko ƙarami. Yara na cewa yana rage sauri, kwana biyu ne ka saba.

Guntun katako da bai kai inci 12 ba, wato santimita 30, ba ya hawa jointa, shikenan. Bakin shi na iya faɗawa ramin da ke tsakanin tebur biyun, wuƙa ta kama ta wurgar. Mafi yawan abun da ke jawo wannan shi ne mutum ya riga ya yayyanka ƙafafun kujera ko na ɗan tebur sannan ya tuna bai fere ba. Fere dogon tukuna, ka yanka daga baya. In ka riga ka yanka, filenar hannu tana nan, ba ta mutu ba. Haka siririn da bai kai rabin inci kauri ba, da kan katako wajen da aka datse, duk ba na jointa ba ne.

Wajen feren gefe, fuskar da ka gama miƙarwa ita ke jingina da fens, wato ɗan bangon ƙarfen da ke tsaye a gefen tebur, ka duba fens ɗin da sukwaya yana kan digiri 90. Matso da fens ɗin gaba yadda wuƙar da ke buɗe ba ta wuce faɗin katakon ba, abun da ya rage a bayan fens shima a rufe. Yatsu a saman katakon, in gefen bai kai inci 3 tsayi ba ka koma kan abun turawa. In ka ji yana tsattsage fuska maimakon ya fito sumul, ba ƙarfi zaka ƙara ba, juya katakon kai ya koma wutsiya, kana tafiya ne gaba da kwanciyar jijiyarshi. Kuma ba a jan katako baya ta kan wuƙa, ɗaga shi ka zagayo.

Maganar wuta

Wannan tamu ce. Ana cikin fere NEPA ta ɗauke, kowa ya yi tsaki ya fita shan iska, makunni na nan a kunne, katako na kan wuƙa. Wani ya zo yana share dusa da hannu ko ya jingina da tebur, a dawo da wuta ko a tada janareta. Da wuta ta ɗauke abu na farko kashe makunni, na biyu sauke katakon. Wanda zai tada janareta ya leƙo ya tambaya. In da hali a sa makunni mai maganaɗisu, irin mai kore da ja wanda in wuta ta tafi yake sakin kanshi sai an sake dannawa, masu kayan wutar inji na sayarwa kuma duk mai gyaran motar lantarki ta inji mai fes uku ya iya haɗawa.

Filena

Wannan da sauƙi tunda wuƙar a rufe take. Fuskar da ka miƙar a jointa ita ke kwanciya a tebur. Auna wajen da ya fi kauri ka saita daga nan, ci kaɗan kaɗan. Tafin hannu a gefe ko a sama, yatsa kar ya shiga ƙarƙashin katako, rolar da ke jan katakon na dannawa ƙasa zata matse maka shi da tebur. Tsaya a gefe. Kar ka taɓa sunkuyawa ka leƙa bakin injin yana aiki. Kar ka jera katako biyu masu bambancin kauri tare, siririn rola ba ta riƙe shi ba, harbo shi za a yi. Gajere da bai kai tazarar rola biyun ba kar ya shiga. In ya maƙale, kashe, jira ya tsaya cak, sauke tebur. Ɗanyen malaina na yawan yin haka, ka goga kyandir a teburin. Dogo kuma a samu mai tarba a baya, ya riƙe kawai kar ya ja.

Ƙurar loko wato iroko tana sa wasu asma da ƙaiƙayin fata, ka sa takunkumi mai kyau ba hankici ba. In ka kashe injin ka tsaya har wuƙar ta daina juyi kafin ka matsa, tana ɗaukar lokaci kuma ba ta yin ƙara a ƙarshe. Dusa da buroshi ko sanda ake turo ta, a tara a buhu, masu kaji na saya. In tsautsayi ya faɗa, danne wajen da tsumma mai tsabta, ɗaga hannun sama, a tafi asibiti kai tsaye, kar a zuba dusa ko fetur ko man birki a ciwon.