Yadda na samu masauki mai sauƙi a Makka

Kuɗin ɗakin da aka gaya mana a kusa da Harami sai da ya kusa hana mu Umara, ni da maƙwabtana na Kantin Kwari. A nan Kano na zauna da waya na warware matsalar kafin mu tashi.

Na bar neman otal ɗin da ke kallon Ka'aba, na koma nema a unguwannin Aziziyya da Kudai. Nesa ce, amma otal-otal da yawa a can suna da motar da ke kai baƙi Harami kyauta. Duk otal ɗin da na gani a Booking.com, shafin kama ɗakin otal a intanet, sai na duba shi a taswirar Google Maps, don "kusa da Harami" a bakin mai talla yana iya zama tafiya mai tsawo a rana. Sannan na aika wa otal ɗin saƙo: motarku tana aiki kafin Asuba? Wannan tambayar ta fi komai muhimmanci, musamman da akwai dattijo a cikinmu.

Katin naira ya ƙi biya, sai na zaɓi ɗakin da ake biya idan an isa. Muka ɗauki mai gado huɗu muka raba kuɗin, muka kuma kauce wa goman ƙarshen Ramadan, lokacin da farashi ke ninkawa.