Kurakuran da ake yi wajen goge cache da kukis a burauza

Da zarar shafin intanet ya ƙi buɗewa, shawarar farko da za a ba ka ita ce: "Je ka goge cache da kukis." Sau da yawa takan yi magani. Matsalar ita ce an ɗauki abubuwan biyu tamkar abu ɗaya, kuma daga nan yawancin asarar ke farawa.

Cache ma'ajiya ce ta wucin gadi, inda burauza, wato manhajar da kake buɗe shafukan intanet da ita kamar Chrome, ke adana hotuna da fayilolin shafin da ka taɓa shiga, don kada ta sake sauko da su gobe. Kukis kuwa 'yan ƙananan bayanai ne da shafin ke bari a na'urarka don ya shaida ka. Su ne ke sa ka buɗe Gmail ko Facebook ka tarar kana ciki, ba a nemi kalmar sirri ba, kuma aikin da suke yi ke nan tun da Lou Montulli na kamfanin Netscape ya ƙirƙiro su a 1994. To idan shafi na nuna maka tsohon bayani ko ya fito a hargitse, ma'ajiyar za ka zarga. Idan kuwa ka shigar da kalmar sirri daidai amma ana ta mayar da kai baya, sai ka duba kukis.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne share kukis na duk shafuka saboda shafi ɗaya tak. Mutum zai yi haka, ya wayi gari an fitar da shi daga yawancin asusunsa. Kalmar sirrin ya manta ta tun tuni, wani ma ɗan'uwansa ne ya buɗe masa asusun, layin da za a turo lambar tabbatarwa kuwa ya ɓace ko an rufe shi. Garin neman gira an rasa ido. Alhali a Chrome, idan ka taɓa 'yar alamar da ke gefen adireshin shafin, za ka ga wurin kukis na wannan shafin kaɗai, ka goge su ka bar sauran. A iPhone ma akwai Website Data a cikin saitin burauzar Safari, ƙarƙashin Advanced, inda ake cire shafi ɗaya-ɗaya.

Kafin ma a kai ga gogewa, akwai gwajin da ba ya cin minti ɗaya, amma kaɗan ne ke yin sa. Buɗe shafin a tagar sirri, wadda Chrome ke kira Incognito, domin ita ba ta aiki da tsofaffin kukis ɗinka. Idan ya buɗe lafiya a can, lallai matsalar na cikin burauzarka. Idan can ma ya ƙi, ka daina share-share: wataƙila shafin ne ya cika da jama'a, kamar yadda ake gani ranar fitar sakamakon jarrabawa, ko datarka ce ta ƙare. Haka kuma gargaɗin nan na "Your connection is not private" sau da yawa kwanan watan waya ne ya kauce, gyara shi kawai za a yi. Mai kwamfuta ya fara danna Ctrl da F5 tare, wannan yana sa burauza ta ɗauko sabon shafi ta ƙyale na ajiye.

Masu Android su kula da maɓallai biyu da ke maƙwabtaka a saitin manhajoji. Clear cache ba ya taɓa asusunka. Na kusa da shi, Clear data ko Clear storage, shi yana mayar da burauzar kamar yau aka sauko da ita, kuma duk abin da ba a haɗa da asusun Google ba yana iya tafiya.

Wasu kuma sun goge daga cikin burauzar kanta, amma ba su lura da tsawon lokacin da aka zaɓa a wurin gogewar ba. In an bar shi a kan awa ɗaya ko mintuna 15, tsohon fayil ɗin da ya lalace tun makon jiya yana nan daram. Sai a zaɓi All time, a sa alama a kan akwatin hotuna da fayiloli kaɗai, a karanta sauran akwatunan da kyau kafin a danna.

Ban goyi bayan goge ma'ajiyar kullum da sunan ƙara wa waya sauri ba. Duk hoton da ka share, da datarka za a sake sauko da shi, shafin kuma ya daɗa nauyi a buɗewar farko.

Inda ya wajaba a share kukis gaba ɗaya shi ne kwamfutar da ba taka ba, kuma a nan ne aka fi mantawa. Ɗalibi zai cike fom a kafen intanet, ya rufe tagar ya tafi, na bayansa ya zauna ya tarar da imel ɗinsa a buɗe. Kafin ka tashi daga kujerar, ka fita daga asusunka, ka danna Ctrl da Shift da Delete, ka goge kukis da tarihin shafukan da ka shiga.