Yadda Ake Ɗaura Babban Ƙudan Fatsa Mai Gaɓa Don Kifin Sitilhed

Kifin sitilhed yana ƙyanƙyashewa a kogi, ya tafi teku ya girma, sannan ya dawo kogunan Biritish Kolambiya ta Kanada da jihohin Washinton da Oregon na Amurka domin ya yi ƙwai. A lokacin sanyi ruwan waɗannan koguna yakan cika ya yi duhu, kifin kuma yana kwance a ƙasa bai damu da cin abinci ba, don haka masu fatsa suke ɗaura masa babban ƙuda, wato ƙwaron bogi na gashin tsuntsu mai ƙugiya, wanda zai tsokane shi. Mafi shahara shi ne Intruder, wanda Ed Ward da Jerry French da Scott Howell suka ɓullo da shi a farkon shekarun 1990, kuma shi za a ɗaura a nan. Sirrinsa ɗaya ne: ya yi girma a idon kifi, amma kayan jikinsa su kasance kaɗan.

Ana fara aikin da sandar ƙarfe siririya mai ido a gaba, kamar irin da ake kira Waddington, ko kuma tsohuwar ƙugiya da aka yanke mata lanƙwasa. A kafa ta a mariƙi, wato abin da yake matse ta yayin ɗauri, a naɗe ta da zare mai ƙarfi daga ido zuwa ƙarshe. Sai a ninka waya mai laushi ta zama kunne, a ɗaure bakinta biyu a kan sandar, a mayar da su baya a sake naɗewa, a ɗiga gam. A wannan kunne ne ƙugiya gajera mai lamba 2 ko 4 za ta rataya, kuma nan ne gaɓar take. Tsawon kunnen ya isa a zare ƙugiya a sa wata idan ta dakushe, amma kada ya zarce jelar ƙudan, domin ƙugiyar da ta yi nisa a baya takan shige maƙogwaron kifi ta ji masa rauni, alhali yawancin sitilhed na daji sakinsu ake yi bayan an kama. A matse ƙayar ƙugiyar da filaya tun kafin a sa ta. A kogunan Biritish Kolambiya ma doka ce a yi amfani da ƙugiya guda marar ƙaya.

Daga nan a ɗaura idanun ƙarfe, wato 'yan ƙwallaye biyu a haɗe masu ba ƙudan nauyi, a bayan idon sandar, ta ƙasa, da naɗin gicciye. Na dalma suna nutsar da ƙuda da sauri a ruwa mai zurfi, na tagulla kuwa sun fi sauƙin jifa.

Gashin yana zama ne a wuri biyu, baya da gaba, kuma kowane wuri yana bukatar abin da zai tallafe shi. A fara dunƙule ɗan ulu mai kauri ya zama ƙwallo a ƙarshen sandar, a naɗa gashin yanyawar yankin ƙanƙara a gabansa, sannan a jera zaren gashin jimina kamar goma zuwa goma sha biyu kewaye da sandar. Ƙwallon da gashin yanyawar su ne suke buɗe gashin jiminar kamar lema; idan babu su, ƙarfin ruwa zai matse komai ya koma kamar tsinke. A nan ne na fi ganin sababbin masu ɗauri suna kuskure. Idan suka ga ƙudan ya tsuke a ruwa sai su ƙara gashi, ƙarin kuwa ba abin da yake jawowa sai shan ruwa da nauyi, har jifa ta zama wahala. Maganin yana wajen tallafin, ba wajen yawan gashi ba.

Tsakiyar sandar a rufe ta da zaren ƙyalli kawai, a bar ta siririya. A gaba a maimaita abin da aka yi a baya, sai dai gashin ya ɗan fi tsawo, a ƙara zaren ƙyalli huɗu ko shida, a rufe da kwalar gashin zabo, a ƙulle zaren a sa gam.

Wajen zaɓen kaya, a nemi gashin jimina dogo mai siririn jijiya wanda ba ya karyewa idan an lanƙwasa shi, domin rini mai tsanani yakan ƙona shi. Gashin talotalo mai laushi, idan shi aka sa a madadin na jimina, yana motsi sosai a ruwa mai tafiya a hankali, amma ya fi na jimina shan ruwa, saboda haka naɗi biyu ya wadatar. Baƙi da shuɗi sun dace da ruwa mai duhu, ruwan hoda da ruwan lemo kuma ana yawan sa wa kifin da bai daɗe da fitowa daga teku ba.

Kafin a ɗaura na biyu, a jiƙa na farko a ja shi a cikin ruwa, a duba ko gashin yana buɗewa yana rufewa, ko kuma yana naɗewa a ƙugiya. Idan yana naɗewa, a rage tsawon gashin baya ko a sa waya mai ɗan tauri.