Yadda Ake Shirya Babban Taro a Abuja Ba Tare da An Ji Kunya Ba

Abin da ke jan masu taro zuwa Abuja ba kyan tituna ba ne. Masu sa hannu ne. Ma'aikatun tarayya, Majalisar Dokoki, Babban Bankin Najeriya, ofisoshin jakadanci da hedikwatar ECOWAS duk suna nan, sannan garin yana tsakiyar ƙasa: daga Legas, Kano ko Fatakwal tafiyar kamar awa guda ce a jirgin sama. Idan taronka na buƙatar minista ko shugaban wata hukuma ya leƙo, nan ne wurin. Idan kuwa na masu saye da sayarwa ne zalla, ka sake tunani, domin Kano ko Legas na iya fin riba.

Fara da zaɓen rana, kafin zaure. Talata zuwa Alhamis ne kwanakin aiki na gaske, su ne kuma kwanakin zaman majalisa. Ranar Juma'a, da zarar an doshi ƙarfe ɗaya zaure ya watse, yawanci kuma ba a dawowa. Ka kauce wa 12 ga Yuni da 1 ga Oktoba, lokacin da akan rufe hanyoyin kewayen Dandalin Eagle Square. Ka duba kalandar Musulunci saboda azumi, Salla da jigilar alhazai. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo kan hana jiragen Kano, Sakkwato da Maiduguri tashi, don haka mai gabatar da babbar maƙala ya iso tun jajibiri.

Zaure kuma gwargwadon jama'a. Babbar Cibiyar Taro ta Ƙasa da Ƙasa, wadda aka gina don taron shugabannin Afirka na 1991 aka kuma yi mata kwaskwarima a 2025, ta taron dubbai ce. Transcorp Hilton a Maitama na da amfanin kwana da taro a wuri guda. Cibiyar Shehu Musa 'Yar'aduwa ta dace da lacca da matsakaicin taro, haka ma cibiyar taro ta sojojin sama da ke Kado. Ka kama wuri aƙalla wata uku kafin rana.

A nan ake yawan yin tuntuɓe: adadin da mai zaure zai faɗa maka na kujeru ne a jere. Da ka sa tebura masu zagaye, na mutum takwas zuwa goma, kusan rabin adadin ne zai samu wuri. Ka je da ƙafarka ka gani, ka tambayi yadda aka ƙirga.

Kada ka biya kafin-alƙalami sai an rubuta batun wuta a yarjejeniya. Janareta nawa ne, wa zai sayi dizal, awa nawa kuɗin zauren ya ƙunsa, kuma minti nawa ake ɗauka kafin a tayar da inji idan an ɗauke wuta? Majigi da na'urar sauti su kasance a kan batir, don idan suka mutu a tsakiyar jawabi sai an ɓata mintuna kafin su dawo. Ka tambaya ko farashin ya haɗa da harajin VAT na kashi 7.5 da kuɗin hidima, waɗanda galibi sai a takardar ƙarshe suke ɓullowa. Intanet ɗin otal ba ya ɗaukar ɗaruruwan wayoyi a lokaci guda. In za a watsa taron kai-tsaye, a ja masa layinsa daban, a gwada shi tun daren jajibiri.

Sai nisa. Filin jirgin Nnamdi Azikiwe na da tazarar kimanin kilomita 40 daga tsakiyar gari. Masu zuwa ta jirgin ƙasan Kaduna a Idu ko Kubwa suke sauka, ba a cikin gari ba. Masauki mai araha a Mararraba ko Nyanya arahar banza ce, cunkoson safiya zai cinye zaman farko. Ka sauke baƙi a Wuse, Garki, Utako ko Jabi, ka tanadi bas mai jadawali. An hana acaɓa a tsakiyar birni, kuma a gargaɗi baƙi su guji shiga motar da ba su sani ba a bakin titi, saboda 'yan "wan cans", wato ɓarayin da ke ɗaukar fasinja kamar masu motar haya su yi musu fashi.

Wajen abinci, ƙirga direbobi, 'yan jarida da 'yan rakiya, sannan ka ƙara kashi goma bisa ɗari. Babban mutum ba ya zuwa shi kaɗai. A ware wurin salla da ruwan alwala, na mata daban, a haɗa hutun Azahar da cin abinci. In akwai baƙi masu Faransanci, tafinta biyu ake ɗauka, suna karɓar juna duk bayan rabin awa.

Babban baƙo kan makara, wani lokaci ma wakili zai turo. Ka tsara jadawali yadda za a fara gabatar da maƙaloli a kan lokaci, a yi bikin buɗewa duk sa'ad da ya iso, kuma mai gabatarwa ya riƙe sunan wakilin da muƙaminsa a rubuce.